Bitar mutanen ƙauye: a zauren sakatariya za a yi ko a bakin gona?

Sakataren Ƙungiya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Kamar yadda aka tsayar a zaman bayan sallah, gudummawar bana ba za ta tafi gasar ƙwallo ba, za a shirya wa mutanen ƙauyukanmu tarurrukan ƙara wa juna sani da ita. Ga abin da kwamiti ya kawo: kwana uku a zauren taro na sakatariyar ƙaramar hukuma, kowace mazaɓa ta turo mutum goma, a gayyato malamai daga jami'a su yi bayani kan noma, kiwo, lafiya da sana'ar hannu. A ba kowa abinci da kuɗin mota, ranar rufewa a raba takardar shaida. Kafin mu sa hannu muna son jin ta bakinku. Don Allah ban da siyasa.

Ɗan Birni:
Wa alaikumus salam. Ni dai na gamsu. A ƙara da riguna masu tambarin ƙungiya, a kira 'yan jarida ranar buɗewa. Duk wanda ya ba da kuɗinsa yana son ya ga inda suka shiga.

Tsohon Malamin Gona:
Sakatare sannu da ƙoƙari. Allah ya saka wa waɗanda suka ba da dukiyarsu. Amma tunda an tambaya, ni ban yarda da wannan tsarin ba, kuma zan faɗi dalili.

Mutum goma daga kowace mazaɓa, wa zai zaɓe su? Ba manomi za a turo muku ba. Za a turo ƙanin wane da yaron wane, da wanda ya iya zama a kujera ya yi tafi. Na san fuskokinsu, domin su ne dai ke zuwa bitar kiwon kaji, su zo ta tarin fuka, su zo ta rajistar zaɓe. Wani ko akuya ba ya da ita a gidansa amma takardun shaidar kiwo sun cika masa jaka. Shi kuwa mai noman na gaske yana can yana ɗaurin dawa, bai ma ji ana yi ba.

Na biyu, noma ba a koyar da shi da lasifika. Lokacin da muka kama aiki, tsarin da ake bi shi ne wanda ya zo da ayyukan raya karkara na Bankin Duniya, waɗanda aka fara da Funtuwa da Gusau da Gombe a tsakiyar shekarun 1970 kafin a faɗaɗa su zuwa jihohi, har aka samu irin su KNARDA, hukumar raya noma da karkara ta Kano. Duk bayan mako biyu a tara mu malaman gona a koya mana abin da ya dace da lokacin, mu hau babur mu bi manomanmu gona-gona. Kowane ƙauye ya san ranar zuwan malaminsa. Tsarin yana da nasa aibin, yana cin kuɗi, kuma da tallafin ya janye sai babura suka kwanta. Amma abu guda da ya gane daidai shi ne malami ke bin manomi, ba manomi ke bin malami ba.

Ɗan Birni:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya. To amma mu ƙungiya ce, ba gwamnati ba. Ina muka ga kuɗin babura da albashi? Abin da za mu iya shi ne taro.

Tsohon Malamin Gona:
Ɗana, ban ce ku ɗauki ma'aikata ba. Cewa na yi ku zaɓi abu ɗaya, ku kai shi inda mutane suke, ku nuna musu da hannu. Da 'yan ƙungiyar bunƙasa noma ta Sasakawa suka shigo Najeriya a 1992 ba zaure suka kama ba. Manomi suke samu mai gona a bakin hanya, a auna kwatar kadada, a shuka masara da tazarar da aka ce, a sa taki a binne a kan lokaci, gefe guda kuma ga tasa ta gargajiya. Duk mai wucewa kasuwa sai ya rage tafiya ya leƙa. Da kaka a tara mutane a girbe a auna a gabansu. Babu wanda ya roƙi kowa ya kwaikwaya, gani ya kori ji.

Sabon Jini:
Baba ya gama magana. Ni ma na taɓa zuwa irin bitar nan a madadin yayana. Daga safe har azahar jawabin manyan baƙi ake yi, kowa ya tashi sai ya gaida kowa. Malamin da aka ɗauko ya samu minti kaɗan, da Turanci, ga hotuna a bango da rubutu ƙanana. Wuta ta ɗauke, aka tafi neman man janareto. Wani dattijo kusa da ni ya tambaye ni a hankali, "Yaro, yaushe za a ba da abin?" Abin da ya kawo shi ke nan.

Maman 'Yan Biyu:
Ina ta karantawa ina jira in ga wanda zai ambaci mata, shiru. Sakatare, cikin mutum goman nan mata nawa ne? Kuma wace matar aure ce a ƙauyenmu mijinta zai bari ta kwana uku a hedikwata? Su wa ke kiwon awaki da kaji a gidajen? Su wa ke surfe da ajiyar wake da yin ƙuli-ƙuli? Su wa ke kwana da yaro in yana zawo? In bitar ba ta shiga cikin gida ba, rabin mutanen ƙaramar hukumar ba ta same su ba.

Sakataren Ƙungiya:
Hajiya, kwamiti ya ce uku cikin goma su zama mata.

Maman 'Yan Biyu:
Ukun nan na san su tun kafin a rubuta sunansu. Shugabar mata ce da ƙawayenta biyu.

Ɗan Maraɗi:
Salamu alaikum mutanen Najeriya. Ni suruki ne a garinku, aka sa ni cikin zauren nan, ku yi mini izini in sa baki. Maganar buhun ajiyar wake nake so in kawo, don ita ce bitar da na gani da idona ta kama.

Buhun nan mai ciki uku da ake kira PICS, masana na jami'ar Purdue ta Amurka ne suka fito da shi tare da masu bincike na arewacin Kamaru, aka fara yaɗa shi sosai daga 2007. Leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje. Yadda aka koyar da shi a ƙauyuka shi ne darasin. Malami zai zo dandali bayan kaka, ya ce mutum biyar ko shida su kawo nasu waken, wanda ya bushe sarai. A gaban kowa za a duba ledar ko ta huje, a zuba wake, a matse iska ta fita, a murɗe bakin ledar farko a ɗaure, a ɗaure ta biyu daban, a ɗaure buhun waje daban. Ba a sa magani ko ƙwaya ɗaya. Mai wake ya ɗauki kayansa ya kai ɗaki, a ce masa ya ɗora a kan katako kada ɓera ya samu, kuma kada ya kwance. Bayan wata huɗu ko fiye a sake tara gari, a kwance a gaban mai gari. Mutane su cusa hannu su ɗebo, su ga wake sumul, ƙwarin da aka rufe da su sun mutu don iska ta ƙare musu. A kawo na buhun da aka saba a ajiye kusa, ya zama gari da ramuka. Daga nan tambaya ɗaya ake yi: ina ake sayar da shi?

Zuwa biyu ke nan kacal, ba abinci, ba kuɗin mota.

Malam Na Zazzau:
Wannan ita ce magana. Kuma ko wanda ba ya da kuɗin buhun, jarka mai murfi mai kyau ko duro in aka cika shi taf aka toshe, aikin ɗaya ne. Ga shi ana ƙera buhunan a Kano, sai dai ku lura Kanawa kada su sayar muku da na jabu, kun san halin bayinmu.

Ɗan Birni:
Bazazzagi ko a zauren ilimi sai ya nemi ubangidansa da tsokana. Za mu haɗu.

Amma bari in koma kan kuɗin mota, don naga ana son a mai da shi abin kunya. Mutumin da ke fita ya yi ƙodago ko ya kai itace kasuwa kafin a ɗora tukunya a gidansa, in ka zaunar da shi wuni guda ka hana shi abincin ranar. Mu da ke karɓar albashi in aka tura mu bita har kuɗin kwana muke karɓa, ba wanda ya ce mana maroƙa. Don me talaka zai zo kyauta?

Maman 'Yan Biyu:
A nan kam ina bayanka. Ba daidai ba ne a ce mai ƙaramin ƙarfi shi zai yi sadaukarwa.

Tsohon Malamin Gona:
Ku duka kuna da gaskiya, in dai za a ɗauko shi daga garinsu a cinye masa wuni. Shi ya sa na ce kada a ɗauko shi. In abin a ƙofar gidan mai unguwa ne, bayan la'asar, awa ɗaya da rabi, me ya rasa? Kuɗin da za ku raba wa mutum ɗari a zaure, ku sayi buhuna da su ku zuba wa malamin mai a babur, ya zagaya ƙauye ashirin. Matsalar kuɗin zama ba haramci ba ce. Matsalarsa ita ce yana canza wanda zai zo, kuma yana hana ka gane ko abin da ka koyar ya karɓu. Ranar da ka zo hannu rabbana, sai ka tarar da tabarma ba kowa.

Ɗan Maraɗi:
Baba, akwai abin da ya faru wajenmu da ya shafi wannan. Sassabin zamani, wato in kana sharar gona kada ka tumɓuke kututturen sabara da kalgo da gawo, ka zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi ka bari, ka sassabe sauran, su tashi su zama itace. Wani Bature ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, shi ya fara tura abin a yankin Maraɗi a 1983. Lokacin yunwar 1984 aka haɗa shi da rabon abinci, duk wanda ya bar itace a gonarsa ya samu hatsi. Mutane suka bari. Da rabon ya ƙare, da yawa suka bi itatuwan suka sare. Amma waɗanda suka bar nasu sai suka ga iska ba ta binne musu shuka da rairayi, ga itacen girki, ga abincin dabbobi, gawo kuma da damina yake zubar da ganye don haka ba ya shanye wa gero rana. Maƙwabta suka gani suka koma da kansu. Yau in ka bi hanyar Maraɗi zuwa Damagaram za ka ga gonaki cike da itace. Hatsin ya sa an gwada, amma ba shi ya riƙe abin ba.

Ɗan Birni:
To ai ka ba ni hujja. Ba don hatsin ba da ba a gwada ba.

Ɗan Maraɗi:
Haka ne, ban musa ba. Sai dai lokacin yunwa ake, kuma abin da aka ba su don su yi aiki a gonarsu ne, ba don su zauna a kujera ba.

Baƙon Iowa:
Salam. Sai yanzu na tashi, bambancin lokaci. Bari in faɗi yadda na ga ana yi a nan, ba don a kwafa ba. A Amurka tun 1862 aka yi dokar da ta ba jihohi filaye su kafa jami'o'in noma, sannan a 1914 aka yi wata da ta ɗora wa jami'o'in nan aikin kai ilimi ga mutanen karkara. Jihar da nake gundumomi 99 gare ta, kuma kowacce tana da ofishin wannan aiki. Ƙaramin gini ne, ba wani abin kallo ba. Amma suna da jadawalin shekara: wannan watan gwajin ƙasa, wancan horon masu feshi, wani yadda ake adana kayan lambu, wani lissafin kuɗin gona ga matan manoma. Yara kuma suna da ƙungiyarsu ta 4-H, yaro ya yi kiwon maraƙi ko tunkiya da kansa ya kai baje kolin gunduma a duba. Abin da ya fi ba ni mamaki, wasu azuzuwan manomi ne ke biyan ɗan kuɗi ya shiga.

Abin da na ɗauka shi ne ɗorewa. Mutum ya san ofishin yana nan bana, yana nan baɗi, in ganyen masararsa ya canza launi ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Mu kuwa taro ɗaya muke yi mai ƙarfi, a ɗauki hoto, sai wata shekara.

Sabon Jini:
Yaya, can manomi ɗaya yana noma abin da garinmu gaba ɗaya ba ya nomawa. Dole ya biya.

Baƙon Iowa:
Gaskiya ne ƙanena, ban ce a caji kowa ba. Jadawalin nake nufi. Kuma mu ma ba a hannu wofi muke ba. Cibiyar binciken noma ta Samaru tun 1922 take, ga NAERLS, cibiyar kai ilimin noma ga manoma ta jami'ar Ahmadu Bello, wadda aikinta ke nan, suna da ƙasidu har da na Hausa. Ilimin yana nan, hanyar da zai bi ya isa ƙauye ce ta lalace.

Malam Na Zazzau:
Ka ga dai komai sai an dawo Zariya.

Mai Shagon Magani:
Ina son a sa maganar feshi a gaba. Ni nake sayar da maganin, na san abin da nake gani. Yaro zai zo ya ce a ba shi "mai ƙarfi", bai san sunan ƙwaron ba, bai san adadin da zai zuba ba. Ya goya injin feshi yana yoyo a bayansa, ba takalmi, ba abin rufe hanci, iska na dawo masa da shi a fuska. Ya gama ya wanke injin a bakin rijiya. Robar maganin kuma a ɗauraye a zuba man gyaɗa. Wasu su fesa wa tumatir yau gobe su kai kasuwa. Ga masu jefa ƙwayar bom cikin buhun hatsi su ajiye a ɗakin da yara ke kwana. Tun da tsutsar nan mai cin masara ta shigo a 2016 feshi ya ƙaru ƙwarai, sanin yadda ake yinsa bai ƙaru ba.

Sabon Jini:
To Alhaji ku da kuke sayarwa me ya hana ku gaya musu?

Mai Shagon Magani:
Ina gaya wa wanda ya tsaya. Ranar kasuwa mutum ashirin a kaina, wa zan zaunar? Kuma ba zan ɓoye ba, a cikinmu akwai waɗanda su kansu ba su iya karanta abin da ke jikin kwalbar ba. In za a yi bitar, a fara da mu masu shago da yaran da ke feshi a biya su. Ba mu da yawa, kuma ta hannunmu maganin ke bi kafin ya isa kowace gona.

Tsohon Malamin Gona:
Wannan shawara ce mai kyau, kuma ita kaɗai ce cikin abin da aka faɗa za ta iya yiwuwa a zaure. Ko ita ma a fito waje a cika inji da ruwan banza, kowa ya goya ya taka a ga yadda yake riƙe sandar.

Malamar Islamiyya:
Assalamu alaikum. Game da tambayar Maman 'Yan Biyu, wurin taron mata yana nan ba sai an gina ba. Makarantun Islamiyya na matan aure suna cika, wasu da hantsi wasu da dare, kuma mazajen sun riga sun yarda da zuwansu. In aka nemi izinin malamai, rabin awa bayan darasi ya isa. Sharaɗi dai mace ce za ta koyar, da Hausa, kuma ta zo da abin a hannunta.

Wata ma'aikaciyar lafiya ta taɓa zuwa mana da ɗan tef ɗin nan mai launi uku na auna damtsen yaro. Ta kama hannun wani yaro da uwarsa ta goyo, ta nuna tsakiyar damtse tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu, ta zagaya tef ɗin ba matsewa ba sakewa. Kore lafiya, rawaya a kula, ja kuwa, wato ƙasa da santimita 11.5, a tafi asibiti ranar. Sai ta miƙa wa matan, kowacce ta auna ɗan maƙwabciyarta. Ana dariya ana yi, har aka zo kan wata yarinya tef ya nuna ja, wuri ya yi tsit. Washegari uwar ta kai ta. Bayan haka ta nuna musu haɗin kunun gero da waken suya da gyaɗa, a soya a niƙa tare, duk abin da ke cikin rumbunsu ne.

Maman 'Yan Biyu:
Allah ya saka, Malama. A ƙara da awaki da kaji. Duk hunturu annoba na share kajin mata, alhali akwai rigakafi da ake yi a cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, na ɗigawa a ido ko a ruwan sha. Kwalba ɗaya ta kaji da yawa ce, mace mai kaza bakwai ba za ta saya ita kaɗai ba. In an haɗa unguwa guda rana ɗaya, an gama.

Ɗan Maraɗi:
Hajiya, in mata suka haɗu kan abu irin wannan ba a raba su. Asusun Mata Masu Dubara a jiharmu aka fara shi a 1991 da taimakon ƙungiyar agaji ta CARE, mata su riƙa zubi duk mako a akwati suna ba juna rance. Yanzu tsarin ya zagaya ƙasashe. Kuma a Damagaram an yi makarantar mazaje, a tara magidanta su tattauna zuwa awo da haihuwa a asibiti, don an gane in miji bai yarda ba, duk abin da aka koya wa matar a ƙofar gida zai tsaya.

Ɗan Ruga:
Jam. Ana ta lissafin ƙauye da unguwa, ban ji an ce ruga ba. Mu ma a ƙaramar hukumar muke, muna biyan haraji a kara duk ranar kasuwa. In za a yi maganar allurar shanu, ko hanyar burtali kafin damina, ku zo mashaya da safe ko ku same mu a kara. Kada a aiko mana takarda, a gaya wa Arɗo. Kuma a zo da mai jin Fulatanci saboda mata.

Sakataren Ƙungiya:
An karɓa, kuma laifin kwamiti ne da ba a sa ku ba tun farko.

Ɗan Dagaci:
Ranku ya daɗe. Duk abin da za a yi, a fara gaida hakimi, shi zai sanar da dagatai, su sanar da masu unguwanni, a kuma gaya wa limamai su faɗa bayan sallar Juma'a. Kun ga yadda rigakafin shan inna ya tsaya a 2003 da mutane suka yi shakka, bai kuma tafi daidai ba sai da sarakuna da malamai suka shige gaba, har aka kai ga ayyana Najeriya ta rabu da cutar a 2020. Baƙo ko da alheri ya zo, in bai biyo ta ƙofa ba kallonsa za a yi.

Sannan a duba lokaci. Daga saukar ruwa zuwa kaka ba mai sauraronku sai in a gona za ku same shi. Ana gama girbi kuma samari sun tafi cin rani. Ranar kasuwa ba a taro. Azumi ma a lissafa da shi.

Malam Na Zazzau:
Wani abu da ba a taɓo ba shi ne karatu kansa. Alhaji mai shago ya ce ba a iya karanta kwalba. Iyayenmu sun ga Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950, ajin manya a gindin bishiya, ga ƙananan littattafai da ake bugawa a Zariya, ga motar majigi tana zagaya gari da dare. Jihar Kano ta kafa hukumar ilimin manya a 1980 zamanin Abubakar Rimi, ta tarayya kuma ta zo a 1990. Me zai hana ƙungiya ta ɗauki nauyin aji ɗaya ko biyu na dare? Malamin firamare da ɗan alawus kaɗan zai yi.

Tsohon Malamin Gona:
Malam, niyya mai kyau ce amma kada mu ɗauki kayan da ya fi ƙarfinmu. Ajin manya ba a yinsa da kuɗin shekara ɗaya, in ka fara ka tsaya a wata na uku ka kashe wa mutane gwiwa, gobe ko gwamnati ta kira ba za su zo ba. Abin da za a iya yanzu, duk takardar da za a raba a rubuta ta da boko da ajami. Dattawa da yawa da ake cewa ba su yi karatu ba suna karanta ajami sarai. Kuma a ɗauki bayanin a murya a tura ta WhatsApp, a kowane gida akwai mai waya.

Malam Na Zazzau:
Ban gamsu ba Baba, amma na ji. Zan sake kawo ta a zaman ƙarshen shekara.

Ɗan Birni:
Ni har yanzu ina da damuwa ɗaya. Waɗanda suka ba da kuɗi masu yawa suna Legas da Abuja da waje. In muka ce musu mun ɗaure wake a buhu a ƙauye ashirin, za su ce ina taron? Baɗi ba za su bayar ba. Ku yarda ko kada ku yarda, hoton zaure cike da mutane shi ke kawo gudummawa.

Baƙon Iowa:
Ni ina cikin waɗanda kake nufi, kuma bidiyon ranar kwance buhu ya fi mini hoton manyan baƙi. Ku ɗauka da waya ku turo nan.

Maman 'Yan Biyu:
A yi taron mana, amma a ƙarshe. In an kwance buhuna an ga sakamako, a tara mutane a filin makaranta, waɗanda suka gwada su ne za su yi magana, ba baƙi ba. Mai son riga ya sa rigarsa a ranar.

Ɗan Birni:
Hajiya ta harbe ni a fakaice. Na yarda, amma a bar mini kujerun gaba guda goma.

Sakataren Ƙungiya:
To. Zan mayar wa kwamiti cewa a bar zancen kwana uku. Baba, in an ce ka jagoranci ɓangaren buhun wake, za ka iya? Malama da Maman 'Yan Biyu su duba na mata, Alhaji ya haɗa mana sunayen masu shago da 'yan feshi.

Tsohon Malamin Gona:
Zan iya in za a haɗa ni da yara biyu masu babur, gwiwa ta fara gardama. Amma ku hanzarta. Wake na shigowa gida ake ɗaure shi, in kuka tsaya zaman kwamiti har ya fara huda, sai dai baɗi. Kuma ku nemo wanda zai ajiye buhunan na sayarwa a kasuwarmu tun yanzu, kada mu koya wa mutane abin da za su nema su rasa.

Mai Shagon Magani:
Wannan ku bar mini. Zan sa a kawo daga Kano, sai dai a gaya mini ko masu cin kilo 50 za a fi so ko masu 100.

Malamar Islamiyya:
A haɗa da ƙananan. Mata ba sa tara waken da zai cika babba.

Ɗan Ruga:
Sakatare, ba ka faɗi wanda zai zo wajenmu ba.

Sakataren Ƙungiya:
Ni da kaina, tare da malamin dabbobi. Ka tambayi Arɗo ranar da ta fi musu, ban da ranar kasuwa.